Ya ake hana mutane kirakin manhaja da gem ɗin da ka sha wuya ka haɗa?

Bazazzagi_Dev:

Slm 'yan uwa, dan Allah masu ilimin harkar nan a taimaka min da shawara. Abu biyu na haɗa da hannuna. Na farko wata 'yar manhaja ce ta Windows da makarantun kuɗi suke haɗa sakamakon jarabawa da ita, malami ya shigar da maki ita kuma ta lissafa ta fitar da katin sakamako da matsayin kowane yaro a aji, da C# na rubuta ta. Na biyun gem ne na dara na Android da na yi da Unity, kyauta ne amma da talla, in ka biya kuɗi kaɗan sai tallan ya fita sauran matakan su buɗe.

To ita ta makarantar yanzu ina jin labarinta a makarantun da ban taɓa taka ƙafata ba, ashe yaron da yake musu aikin kwamfuta a inda na sayar shi yake kwafe folda ɗin gaba ɗaya a filas haɗe da lambar siriyal ya je ya saka wa wasu ya karɓi nasa, wai har araha yake yi musu. Shi kuwa gem ɗin abin dariya abin haushi, wani yaro a unguwarmu ne ya ce zo in tura maka wani gem na dara mai daɗi ta Xender, ina dubawa nawa ne, an cire talla an buɗe komai, wai a wani zaure na Telegram ya samo.

Tambayata ita ce, wancan Denuvo, kariyar hana kwafi da nake ji ana sa wa su FIFA, irinmu za mu iya sayen sa? Ko kuwa in mayar da su duka sai da intanet za su buɗe? Wani abokina kuma cewa ya yi in saka wani abu da in manhajar ta gane kwafin sata ce kawai ta goge duk makin da aka shigar, su ji a jikinsu. Gsky zuciyata ta fara karkata can.

Kawu_Injiniya:

Wslm ƙanina. Bari in fara da ta ƙarshen dan ita ce mai haɗari, kar ka kuskura ka saka abin da zai goge wa mutane bayanai. Makin yaran mutane ne a ciki, su yaran ba su sace maka komai ba, sannan irin wannan tarkon wata rana sai ya kama wanda ya biya, a canza wa makaranta hadis (hard disk, ma'ajiyar bayanan kwamfuta) ko a sake mata Windows manhajar ta ɗauka ɓarayi ne ta share musu aikin zango guda ana gobe ba da hutu, a ranar sunanka ya gama lalacewa a garin. A 2018 wani kamfani mai suna FlightSimLabs da yake haɗa jiragen da ake tuƙawa a gem ya ɓoye wani fayil a cikin kayansa mai kwashe kalmomin sirrin da mutum ya ajiye a Chrome, suka ce ai masu kwafin sata kawai suke hari, amma da aka gano su ba wanda ya tsaya sauraron wannan uzurin, su aka koma zagi aka manta da ɓarayin.

Sai ka fara yarda da abu ɗaya, duk abin da yake gudana a kan kwamfuta ko wayar wani to ana iya fasa shi. Kamar ka ba mutum akwati ne a kulle ka haɗa masa da makullin a ƙunshe a tsumma ka ce ya tafi gida da su, dole makullin yana wajensa tunda in babu shi manhajar ba za ta buɗe ba ko ga wanda ya biya, abin da ya rage kawai tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya kwance tsumman. Shi kansa Denuvo da kake magana lokaci yake sayarwa. Kamfanin a Salzburg yake a ƙasar Ostiriya, a 2014 suka fito, kuma da farko sun ba masu kirak, wato masu fasa kariyar gem, wuya sosai, har a farkon 2016 shugabar wata ƙungiyar kirak ta China mai suna 3DM ta ce tana ganin nan da shekara biyu ba za a ƙara samun gem na banza ba saboda yadda Just Cause 3 ya gagare su. Shekara na zagayowa aka fasa Resident Evil 7 cikin kwana biyar da fitowarsa. Manyan kamfanoni sun san haka, lissafinsu shi ne yawancin ciniki a makonnin farko ake yi, in kariya ta riƙe wata biyu ko uku ta biya kuɗinta, shi yasa zaka ga da yawa suna cire shi da kansu daga baya. Kuma kuɗinsa ba na aljihun irinmu ba ne, ka cire shi a lissafi.

Yanzu abin da zaka iya. Ita C# in ka haɗa ta ba ta komawa harshen inji kai tsaye, duk wanda ya buɗe fayil ɗinka da dnSpy ko ILSpy zai karanta kod ɗinka kusan yadda ka rubuta, har sunayen da ka raɗa wa abubuwa. In kana da wani layi da yake cewa in siriyal daidai ne buɗe in ba daidai ba rufe, juya shi aikin minti kaɗan ne. Dan haka ka bi ta kan shi da abin hargitsa kod irin su ConfuserEx ko Dotfuscator, ba zai hana ƙwararre ba amma zai kori 'yan koyo, kuma naka ɓarawon ma ba kirak yake ba kwafe folda kawai yake.

Abin da zai kashe masa kasuwa shi ne ka daina siriyal guda ɗaya da ke aiki ko'ina. Ka koma lasisi mai sa hannu, da RSA ko Ed25519, makulli biyu ne, na sirri yana wajenka shi kake sa hannu da shi, na fili yana cikin manhajar aikinsa kawai ya tabbatar sa hannun naka ne, ko sun ciro shi ba za su iya ƙirƙirar sabon lasisi da shi ba. A cikin lasisin ka rubuta sunan makarantar da adireshinta da lambar kwamfutar da ranar ƙarewa. Sannan, kuma nan ne daɗin yake, ka sa sunan makarantar da ake bugawa a saman kowane katin sakamako daga cikin lasisin yake fitowa, babu wajen da mutum zai rubuta shi da hannu. Wanda ya kwafa ya kai wata makaranta duk katin da suka buga da sunan makarantar farko zai fito, wane mai makaranta ne zai raba wa iyaye wannan? Dole su neme ka.

Kuma duk wannan ba ya buƙatar intanet. Manhajar ta nuna musu lambar kwamfutar, su turo maka ta WhatsApp, ka mayar musu da ɗan fayil ɗin lasisi. Haka Microsoft suka yi a zamanin Windows XP da ya fito a 2001, wanda ba shi da intanet waya yake bugawa ya karanto lamba a karanto masa wata.

Na gem kuma, in da tsarin Mono na Unity ka fitar da shi to kod ɗinka na nan zaune a fayil ɗin Assembly-CSharp.dll kowa ya karanta, ka koma ɗaya tsarin nasu, IL2CPP, da yake mayar da kod ɗin harshen inji. Sayen da ake yi a ciki kar ka bar wayar ta yanke hukunci ita kaɗai dan su Lucky Patcher aikinsu kenan su yi wa gem ƙarya cewa an biya, ka tura rasit ɗin zuwa sabarka, wato kwamfutarka da ke kan intanet, ita ta tambayi Google. Akwai kuma Play Integrity na Google da zai gaya maka ko kwafin daga Play Store yake ko an taɓa shi. Amma mafi ƙarfi duka, ka ɗora abin da ya fi daɗi a gem ɗin a kan saba, wato buga dara da wani mutum na gaske daga wani gari, da teburin gwanaye, da gasa. Abin da ba ya cikin wayar mutum ba shi da hanyar fasa shi.

Dan_PES_2013:

Oga Injiniya ya gama magana a fannin fasaha amma ni bari in yi magana a matsayin wanda ake gwada waɗannan abubuwan a kansa, dan mu masu buga gem mu muke shan wahalar kariyar nan ba masu kirak ba. Malam Bazazzagi maganar sai da intanet ɗin nan dan girman Allah ka bar ta, a ƙasar da zaka sayi data da tsada kuma netwok ya ɗauke ana tsakiyar abu, wa zai zauna yana ƙona data dan ya buga dara shi da waya?

Turawan ma da suke da intanet kamar ruwan famfo abin bai yi musu daɗi ba. Ubisoft sun gwada a 2010 da Assassin's Creed II na kwamfuta, gem ne da kai kaɗai kake bugawa amma in intanet ya yanke sai ya tsaya, kwanaki kaɗan da fitowa aka kai wa sabarsu hari waɗanda suka biya kuɗinsu suka zauna suna kallon allo, bayan 'yan makonni aka fasa shi masu na sata suka riƙa bugawa ba ruwansu da saba, a 2012 kamfanin da kansa ya ce ya daina tsarin. EA ba su ɗau darasi ba suka zo da SimCity a 2013, shi ma sai da intanet, sabar ta kasa ɗaukar mutane, har Amazon sai da suka dakatar da sayar da shi na ɗan lokaci, EA suka dawo suna ba da haƙuri da kyautar gem, bayan shekara guda suka saka yanayin da ba ya buƙatar intanet wanda da suka ce da wuya ya yiwu. Kafin su duka akwai Spore a 2008 da aka ce sau uku kawai zaka iya saka shi a kwamfuta, mutane suka fusata, ya zama gem ɗin da aka fi saukewa ta hanyar sata a shekarar.

Wanda ya fi ba ni haushi Resident Evil Village ne a 2021, na asalin yana sarƙewa in ka harbi abokin gaba, da aka fasa shi aka cire kariyar sai ga na satan yana tafiya sumul ya fi na wanda ya biya, sai da masu shi Capcom suka fitar da gyara. Ka ga wanda ya biya an ba shi mai matsala, ɓarawo ya samu mai kyau, to me kake koya wa mutane kenan? Ga The Crew kuma, mutane sun saya da kuɗinsu tun 2014, a ƙarshen Maris 2024 aka kashe sabar gem ɗin ya mutu a hannun kowa har masu faifai.

Kuma mu faɗi gaskiya tsakaninmu, duk wanda ya tashi a gidan gem a arewa da PS2 mai cif da faifan kwafi ya tashi, kuma kusan duk wanda ya iya CorelDraw ko Photoshop a shagunan buga takardu ba da na asali ya koya ba. Bill Gates da bakinsa a 1998 da yake magana a kan China ya ce tunda dai satar za su yi gara su saci nasu, za su saba da shi daga baya a san yadda za a karɓi kuɗin. Yaron da ya tura maka gem ɗinka ta Xender talla ya yi maka kyauta, da can ma ba saya zai yi ba.

Bazazzagi_Dev:

Kawu Allah ya saka da alheri, wlh dabarar sunan makaranta a kan kati ta shige ni, yau ɗin nan zan fara. Maganar gogewa kuma na bar ta.

Dan_PES na ji ka a kan intanet, amma zancen wai talla ya yi min ban yarda ba. Bill Gates yana da biliyoyin da zai zauna ya jira shekara goma mutane su saba, ni kuɗin data da na fetur ɗin janareta nake nema a ciki. Kuma wanda aka cire wa talla ko mutum dubu ne suka buga sisi ba ya shigo min.

Wata tambayar Kawu, in na sa ranar ƙarewa a lasisin ai sai su mayar da kwanan watan kwamfutar baya kawai, ya ake da wannan?

Ummu_Affan:

Sannunku. Ni ba mai rubuta kod ba ce, harkar sayar da kaya nake, amma ina bin labarin masana'antar gem saboda yarana, kuma ina ganin ɗan'uwa tambayar kasuwa ce kake yi ka ɗauka ta fasaha ce.

Ka san kamfanin da ya yi The Witcher da Cyberpunk, CD Projekt? 'Yan Poland ne, sun fara a 1994 lokacin da kasuwar gem a ƙasarsu kusan gaba ɗaya ta 'yan kwafi ce, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi ma Marcin Iwiński yana saurayi gem ɗin kwafi yake sayarwa a kasuwa a Warsaw. Da suka tashi yin na halak ba su tsaya neman kwaɗon da ba a fasawa ba, sai suka ɗauko Baldur's Gate a 1999 suka mayar da shi harshensu, suka ɗauko fitattun 'yan wasan ƙasar suka yi muryoyin, suka zuba taswira da littafi da faifan sauti a cikin kwalin, abubuwan da mai kwafi ba zai iya ba ka ba. Ranar farko kwafi 18,000 suka fitar. Daga baya su suka buɗe shagon GOG a 2008 inda ake sayar da gem babu kariya ko ɗaya. Abin mamaki da The Witcher 2 ya fito a 2011 akwai na faifai mai kariya akwai na GOG mara kariya, Iwiński ya ce wanda aka fara yaɗawa a wuraren sata mai kariyar ne aka fasa, dan su masu kirak suna suke nema a tsakaninsu, wanda yake a buɗe ba abin alfahari a ciki. The Witcher 3 babu kariya ya fito kuma ya wuce kwafi miliyan 50.

Mai kamfanin Valve da ke da shagon sayar da gem na Steam ma, Gabe Newell, abin da ya faɗa a 2011 kenan, cewa yawancin satar nan matsalar hidima ce, in ɓarawo ya fi ka saurin kawo kaya da sauƙin samu to shi za a bi, ya ba da misali da Rasha da kowa yake cewa ba a sayen gem sai sata amma ta zama cikin manyan kasuwanninsu a Turai da suka kai musu a kan lokaci da harshensu.

To kai ka tambayi kanka, yaron da yake son cire talla a gem ɗinka ta yaya zai biya? Da yawa ba su da katin da zai yi aiki a Play Store, wanda yake da shi ma sai ya gwada ya ƙi, amma Telegram dannawa ɗaya ne. Android dama haka take ko a waje, masu gem ɗin Monument Valley sun faɗa a farkon 2015 cewa kashi 5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka saka shi a Android suka biya, a iPhone kashi 40. Mu nan mun ga yadda ta kaya da 'yan fim, kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai a Kano da take cika maƙil ta mutu da masu tura fim a waya suka cika gari, kamun da aka riƙa yi bai dawo da ita ba, sai da suka koma YouTube da fim mai dogon zango inda kallon kyautan ne ma yake kawo kuɗin. Ni da ni ce da gem ɗin zan bar shi kyauta gaba ɗaya in nemi ɗan kasuwa ya ɗau nauyin gasar dara ta wata-wata a sa sunansa.

Ta makaranta kuwa nan kuɗinka yake. Ka daina sayar da ita sau ɗaya, ka karɓa duk zango ko duk shekara kuɗi daidai aljihunsu ta tiransifa, a ciki har da koya wa malamai, da ajiye musu kwafin bayanai in kwamfuta ta mutu, da ɗaga waya a satin da ake haɗa sakamako. Wancan yaron mai filas ba zai ɗaga waya ƙarfe goma na dare ba in lissafi ya rikice. Kuma makarantun da suke amfani da ta satan kar ka je da faɗa, sun riga sun saba da kayanka, ka je da sallama ka ce ga sabuwa ga farashi.

Af, in kana son dariya nemi labarin Game Dev Tycoon. Wasu 'yan uwa biyu ne suka yi shi a 2013, gem ne da kake buɗe kamfanin haɗa gem, sai su da kansu suka saki kwafin sata a intanet amma suka gyara shi yadda in ka yi nisa 'yan kwafi za su riƙa sace gem ɗin da kake haɗawa har kamfaninka ya karye. Ranar farko mutum 214 ne suka saya, 3,104 suna kan na sata, kuma sai ga masu na satan suna kuka a intanet wai 'yan kwafi sun hana su cin riba ko akwai yadda za a saka kariya. Irin wannan tsokanar da ba ta ɓata wa kowa komai ita kam zaka iya, ka sa na satan in an kusa cin wasa kwamfuta ta riƙa cinye maka 'ya'ya tana yi maka dariya.

Abu_Hanifa_Law:

Malam Dan_PES ina da ja a maganarka. Yawan masu yin abu ba ya mayar da shi daidai, kuma wai da ma ba zai saya ba wannan mai kayan ne yake da ikon ya yafe ba mai ɗauka ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta zauna a Kuwait a Disamban 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, mai shi yana da ikon sayarwa kuma bai halatta a keta shi ba. Akwai malaman da suka sassauta a wasu yanayi na buƙata, amma wanda yake kwafar aikin wani yana SAYARWA yana sa kuɗin a aljihu kamar yaron nan, wannan ba ya cikin sassaucin kowa.

Ta fuskar doka kuma ɗan'uwa Bazazzagi kana da ƙafar tsayawa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta maye tsohuwar ta 1988, manhajar kwamfuta tana cikin abin da take karewa a rukuni ɗaya da rubuce-rubuce, kuma haƙƙin naka ne tun ranar da ka rubuta ba sai ka yi rajista ba, sai dai yin rajistar a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya yana taimakawa wajen hujja. Sabuwar ta ƙara abu biyu da suka shafe ka, ta haramta karya kariyar da mai abu ya saka, ta kuma ba da hanyar rubuta wa masu shafi su sauke abin da aka ɗora ba izini. Ba ina cewa ka tafi kotu ba, kuɗin lauya zai fi abin da aka ci maka, amma ka riƙa ba kowace makaranta takardar yarjejeniya ko shafi ɗaya ce su sa hannu, a rubuta kwamfuta nawa aka yarda kuma su ke da alhakin ma'aikacinsu. Wasiƙa ɗaya mai hatimin lauya zuwa ga mai makarantar takan wadatar. Shawarar gogewa kuwa da ka bi ta kai za ka koma wanda ake ƙara, dan lalata bayanan kwamfutar wani da gangan laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015.

Kuma masu sauke na banza ku sani ba sadaka ake muku ba. A 2021 kamfanin Avast ya bankaɗo wani bairos da suka kira Crackonosh da aka cusa a cikin gem ɗin da aka fasa irin su GTA V da Far Cry 5 da PES 2018, yana kashe antibairos ya mayar da kwamfutarka injin haƙo kuɗin kirifto na Monero, ya kama sama da kwamfuta 222,000 masu shi suka tara kusan dala miliyan 2. Kai kana mamakin laftof na zafi batir na ƙarewa. A waya kuma da manhajar bankinka take ciki ka saka mod, wato kwafin da aka taɓa, da ba ka san wanda ya haɗa ba ka ba shi izinin karanta saƙo.

Dan_PES_2013:

Hhhh Barista ka sa PES a ciki da gangan ko. Na ji, mai sayarwa dai ban kare shi ba tun farko, ni a kan wanda ya biya ake wahalar da shi nake magana kuma a nan ban janye ba.

Kawu_Injiniya:

Hajiya ta kawo magana mai kyau, gyara ɗaya kawai, in gem ɗin yana Play Store kar ka saka lambar akawun a ciki ka ce a turo a buɗe, ƙa'idarsu ita ce kayan cikin manhaja ta hanyar biyansu ake saya kuma suna iya sauke maka shi a kan haka, kason da suka yanka a 2021 kashi 15 ne a dala miliyan ɗaya ta farko a shekara. Ta Windows ɗin kuwa ba ruwan kowa, ka karɓa yadda kake so.

Maganar mayar da agogo baya, duk lokacin da aka buɗe manhajar ta ajiye kwanan watan ranar a wuri biyu ko uku, ɗaya a cikin rumbun bayanan makin kansa yadda ba za su goge shi ba sai sun taɓa aikinsu, in ta ga yau ta koma bayan ranar da ta gani a ƙarshe ta san an taɓa agogo. Ka kuma sa shekarar karatu da zangon da ake bugawa a kati su ma daga lasisin suke fitowa, ka ga ko sun ci nasara a kan agogon katin bana zai fito da shekarar bara. Sai dai kar ka sa ta kulle nan take, yawancin kwamfutocin makarantun nan tsofaffi ne 'yan gwanjo, ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a kan madabod, babban allon cikin kwamfuta, ya mutu, da an ɗauke wuta kwanan wata sai ya koma shekarun baya da kansa ba wanda ya taɓa. Ta fito da saƙo kawai cewa a gyara kwanan wata kafin a ci gaba, ta bar su su ga makinsu su kwafe shi, buga kati kaɗai za ta hana. Lambar kwamfutar ma ka haɗa ta daga abu uku, madabod da hadis da lambar Windows, in biyu sun dace ta wuce, dan kar canza hadis ɗaya ya sa a kira ka daga Giwa ko Soba ana tsakiyar jarabawa.